MINTI ƊAYA NA FARKO: Laccar da aka yi wa jama'a a Tudun Wada, Zariya, a kan numfashin jarirai

Shugaban taro, dattawanmu, malamai, iyayenmu mata, 'yan kasuwa manya da ƙanana, muna gaishe ku, muna kuma gode muku da kuka rufe rumfunanku da sauran rana kuka zo nan. Mun san abin da rufe rumfa ya ke jawo wa mai neman na tuwo, saboda haka ba za mu tsare ku da dogon Turanci ba.

Maganar yau ba ta kuɗin rumfa ba ce, ba kuma ta tsadar taki ba ce. Magana ce ta cikin gida, wadda maza ba su cika yinta a fili ba. Babu wanda ke zaune a nan da bai taɓa jin an ce, "Wance ta sauka, amma ɗan bai zo da rai ba," ko kuwa, "Ya zo bai yi kuka ba, da yamma ya koma." A yi wa mai gida ta'aziyya a ƙofar gida, a ce Allah ya ba da mai amfani, kashegari kowa ya koma kasuwa. Ba a yanka rago ba, ba a raɗa suna ba, ba a rubuta shi a littafin kowa ba. Uwar kaɗai ke ƙidaya shi cikin 'ya'yanta.

To, gwamnati ma ta kan yi nata ƙidayar jefi-jefi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin kowane jarirai 1,000 da aka haifa da rai a Nijeriya, 39 ba su cika wata guda a duniya ba. Da aka sake yinsa a 2023 zuwa 2024 sai aka sami 41. Watau ba mu ci gaba ba. Abubuwa uku ke kashe yawancinsu: zuwa kafin lokaci, watau bakwaini, da rashin numfashi a lokacin haihuwa, da ƙwayar cuta da ta shiga jini, sau da yawa ta cibiya. Biyu na farko duk maganar iska ce, kuma a kansu za mu tsaya.

Ku dubi yadda abin ya ke. Yaro a ciki ba ya numfashi da huhunsa. Huhun cike ya ke da ruwa, mabiyiya ce ke ba shi iska ta cikin jinin cibiya. Da ya faɗo, wannan hanya ta fara rufewa, tilas ya buɗe huhunsa da kansa, ya kori ruwan, ya ja iskar duniya. Kukan nan da mata ke yi wa guɗa, shi ne shaidar ya yi wannan aiki. Cikin jarirai goma, tara su kan yi shi ba da taimakon kowa ba. Ɗayan yana bukatar a taimake shi. Yawancin masu bukatar taimakon, a tsane jikinsu da busasshen zane, a murza bayansu da tafin hannu, shi ke nan sai su tsala kuka. Kaɗan ne, kamar 5 cikin 100, sai an hura musu iska. Waɗanda sai an danna ƙirji an yi allura ba su kai 1 cikin 100 ba.

Ku riƙe wannan lissafi, don a kansa maganar duka ta ke tsaye. Yaron da ya zo shiru, jikinsa saɓule, sau da yawa zuciyarsa tana bugawa. Bai mutu ba, bai dai fara ba ne. Amma zuciyar ba ta jira. Kowane minti da ya wuce ba iska, tana raunana, ƙwaƙwalwa tana lalacewa. Wanda ya tsira a makare shi ne sau da yawa za ka gan shi shekara uku bai zauna ba, wuyansa bai tsaya ba, ana ta yawo da shi gidajen masu magani ana cewa iskokai ne. Likitoci suka ce a cikin minti ɗaya na farko lalle yaro ya zama ko yana numfashi da kansa, ko ana hura masa. Suna kiransa mintin zinariya. Minti ɗaya, jama'a. Mai awo bai gama auna mudu biyar ba ya ƙare.

Abin hurawar kuwa ba wani abin al'ajabi ba ne. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya san zugazugi. To, ɗan'uwansa ne. Jaka ce ta roba, ba ta fi babban mangwaro ba, da ɗan marfi mai laushi da a ke ɗorawa ya rufe hanci da bakin yaro. A kwantar da shi rigingine, a ɗan ɗaga haɓarsa, a matsa jakar kamar sau 40 a minti, ido yana kan ƙirji a ga yana tashi. Ba ta cin lantarki, ba ta cin batir, ba ta cin mai. Kuɗinta bai kai na wayar da ke aljihun da yawa daga cikinmu ba. A wanke ta, a dafa ta, a sake aiki da ita.

Mun san wani zai ce a ransa, ai rai na Allah ne, wanda kwanansa ya ƙare jaka ba ta tsai da shi. Gaskiya ne, ba mu ja ba. Amma in yaro ya faɗa rijiya a unguwar nan, ba mu taɓa ganin an tsaya a bakin rijiya ana wannan magana ba. Guga a ke nema da igiya.

Iyayenmu mata, ku yi mana haƙuri, za mu taɓa ku kaɗan. Abin da aka gada, in yaro ya zo shiru, a yayyafa masa ruwan sanyi, ko a riƙe ƙafafunsa a zunkuɗa shi kai ƙasa a mammare shi, ko a buga tasa a kunnensa, wasu har hayaƙi su ke turara masa. Masu yin haka ba mugunta su ke yi ba, sun gane lalle yaron yana bukatar a tashe shi. Sai dai ruwan sanyi yana ƙara kashe masa jiki, don sanyi babban abokin gāban jariri ne, zunkuɗawa kuwa tana iya ji masa ciwo a kai. Mafi muni, duk lokacin da aka ɓata ana waɗannan, daga cikin mintin nan ɗaya a ke cire shi. Busasshen zane da murza baya sun yi aikin da a ke nema wurin ruwan sanyi, ba tare da ɓarnarsa ba.

Yanzu daga ina wannan koyarwa ta fito, ta yaya kuma ta iso mu?

A shekarar 2010 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, tare da Hukumar Lafiya ta Duniya da wasu, suka fitar da wani tsari mai suna Helping Babies Breathe, watau a taimaki jarirai su yi numfashi. Suka ɗauki ilmin da a da sai manyan likitoci ke karanta shi cikin littafi mai kauri, suka mai da shi allon hoto guda, mai launi kore da rawaya da ja, wanda ungozomar ƙauye za ta bi da ido. Wani kamfani na garin Stavanger a ƙasar Norwe, mai suna Laerdal, ya ƙera 'yar tsana da a ke cika ta da ruwa har ta yi nauyin jariri, ƙirjinta yana tashi in an hura daidai, in ba daidai ba ya ƙi tashi, mai koyarwa kuma yana iya sa cibiyarta ta riƙa harbawa kamar mai rai. Likitoci da ungozomomi daga Amurka da Turai suka riƙa zuwa ƙasashenmu da waɗannan 'yan tsana cikin jaka, su koya wa manyan malamai, su kuma su koya wa na ƙasa da su. A Nijeriya ƙungiyar likitocin yara ta ƙasa da ta likitocin jarirai sun karɓi aikin, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya kuma ta sa shi cikin kwas ɗin kula da sabon haihuwa da a ke yi wa ma'aikata.

Tanzaniya ce ta fara gwada shi sosai, a asibitoci 8. Da aka buga sakamakon a 2013, mutuwar jarirai a ranar farko ta ragu da kashi 47 cikin 100. Akwai kuma wani abu da ya fi wannan tsayawa a rai. Yawan waɗanda a ke rubutawa "an haife shi ba rai" shi ma ya ragu da kashi 24 cikin 100. Ku tsaya ku auna wannan. Jaka ba ta ta da matacce. Ashe cikin waɗanda a ke naɗewa a zane a ajiye a gefe, akwai masu rai da a ke yi wa kallon gawa. Wannan a asibiti ke nan, gaban ma'aikata. Ina ga ɗakunanmu, da tsakar dare, da fitilar waya?

Amma kada ku ɗauka baƙi sun zo sun yi lacca sai mutuwa ta gudu. A wani asibitin ƙauye a can Tanzaniya, wai shi Haydom, an yi wa ma'aikata kwas na yini guda. Da aka jarraba su bayan watanni a kan 'yar tsana, sun iya. Da aka tsaya aka dube su a ɗakin haihuwa, aikinsu bai sake ba. Sai shugabannin asibitin suka sake dabara a 2011. Aka ajiye 'yar tsanar a ɗakin haihuwa, ba a ofis ba, kowace ungozoma ta riƙa taɓa ta 'yan mintoci a kai a kai, manyansu na gida suna duba su. A nan ne mutuwar ranar farko ta sauko daga 11 zuwa 7 cikin 1,000. Mahauci ya san wannan. Ba da jin bayani a ke iya fiɗa ba, hannu ne ke koyo, kuma hannun da ya daɗe bai riƙe wuƙa ba rawa ya ke yi. Ungozoma a ƙaramin asibiti tana iya yin wata biyu ba ta gamu da yaron da ke bukatar jaka ba. Ran da ya zo, uwa na zubar da jini, dangi na salati a ƙofa, ba lokacin tuna lacca ba ne. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan zuwa da komowa na malaman asibiti ba baƙon abu ba ne a garin nan. Tsofaffinmu sun san asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a nan Tudun Wada ya ke kafin ya koma Shika a 2005. A nan wani Bature, Farfesa Eldryd Parry, ya koyar daga 1969 zuwa 1977. Shi da abokan aikinsa suka bi diddigin ciwon zuciyar da ke kumbura masu jego a ƙasar Zazzau, suka nuna yadda ya ke tafiya tare da yawan kunun kanwa da kwanciya a gadon wuta. Ya koyar da ɗalibai, amma shi ma a wurin matan Zariya ya koyi abin da babu shi a littattafan Ingila. Da ya koma gida, a 1988 ya kafa wata ƙungiya mai suna THET don ta riƙa ƙulla zumunci tsakanin asibitocin Ingila da na Afirka. A nan kuma Farfesa Kelsey Harrison, mutumin Abonnema ta Jihar Ribas, ya rubuta labarin haihuwa 22,774 a jere, daga 1976 zuwa 1979, aka buga a Ingila a 1985. Ya nuna matan da suka zo awo tun da wuri, mutuwarsu da ta 'ya'yansu kaɗan ce ƙwarai in an gwada da waɗanda aka kawo bayan naƙuda ta gagara a gida, kuma matan da suka yi makaranta su ne suka fi kowa tsira. Duniya ta karanta wannan littafi, ta gyara tsarinta da shi. Uwayen wasunku suna cikin lissafin nan, wasunku ma ku ne jariran.

Mun kawo wannan ne don kada wani ya ce mana ilmin nan sadaka ce da a ke miƙo wa matsiyata. Musaya ce, kowa ya kawo hajarsa. Ga misali. Shekaru da yawa likitocin Turai sun ɗauka ba a farfaɗo da jariri sai da oksijin zalla daga tukunya. Wani likitan Norwe, Ola Saugstad, da wani na Indiya, Siddarth Ramji, suka gwada a shekarun 1990, yawancin gwajin a asibitocin ƙasashe marasa ƙarfi, aka ga iskar nan da ni da ku mu ke shaƙa kyauta ta isa a fara da ita ga yaron da ya cika watanninsa, har ta fi. A 2010 manyan ƙasashe suka sake dokarsu suka bi. Shi ya sa jakar nan ke aiki ko a ƙauyen da bai taɓa ganin tukunyar oksijin ba. Haka kuma ɗora bakwaini a ƙirjin uwa, fata da fata, a ɗaure shi da zane, a Bogota ta ƙasar Kolombiya aka faro shi a 1978, saboda kwalaben ɗumama jarirai sun kasa. A 2021 aka buga wani gwaji da aka yi a Gana, Indiya, Malawi, Tanzaniya da Ile-Ife tamu, aka ga in an fara shi nan take bayan haihuwa, mutuwar ƙananan jarirai tana raguwa da kashi 25 cikin 100. Goyo ne fa, jama'a, sai dai ta gaba. Matanmu za a koya wa goyo?

Tun da mun ambaci bakwaini, sai mu faɗi tasa matsalar, don ta bambanta. Shi ya kan yi kuka, ya fara numfashi, amma huhunsa bai nuna ba. Akwai wani maiƙo da ke hana 'yan jakunkunan huhu mannewa, shi bai gama yinsa ba. Duk fitar numfashi sai huhun ya lotse, kowane ja kuma kamar hura sabon balan-balan ne. Za ka ji yana gurnani, haƙarƙarinsa na shiga ciki, hancinsa na buɗewa, har ya gaji. Wannan ciwo bai san sarauta ba. A watan Agusta 1963 ya kashe ɗan Shugaban Amurka John Kennedy, kwana biyu bai cika ba, da dukan likitocin Boston a kansa. A 1971 wani likita a San Faransisko, George Gregory, ya nuna in an riƙa tura iska a hankali ba yankewa, yadda huhun ba zai lotse ba, yawancin irin waɗannan yara za su rayu. Likitoci na kiran abin sifaf. Mafi sauƙinsa, bututu ya kawo iska hancin yaro, ɗaya bakin bututun a nitsa shi cikin kwalbar ruwa. Zurfin da aka nitsa shi, shi ne ƙarfin iskar. Muddin ruwa na ɓulɓula, abin yana aiki.

Na kanti suna da tsada ƙwarai, don haka masu ƙaramin ƙarfi suka shiga dabara. A Malawi likitocin asibitin Sarauniya Elizabeth da ke Blantyre suka haɗa kai da malamai da ɗaliban Jami'ar Rice ta Amurka, suka ƙera nasu da injin da ke hura iska a tankin kifin ado, suka sa masa suna Pumani. A rahoton 2014, cikin jariran da aka sa wa shi 71 cikin 100 suka rayu, waɗanda aka ba oksijin kawai 44. A gida, likitocin Asibitin Ƙasa na Abuja sun harhaɗa nasu da bututu da kwalba, suka buga bayaninsa a 2013, na Shika kuma suka buga labarin shekara guda da suka yi suna aiki da irinsa a 2015. A 2023 Farfesa Hippolite Amadi, injiniya ɗan ƙasar nan, ya ci babbar kyautar kimiyya ta Nijeriya saboda na'urorin taimakon numfashin jarirai da ya ƙera masu iya aiki da hasken rana. Ɗaya daga cikinsu aikinta gauraya oksijin da iska ne, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Oksijin magani ne, in ya yi yawa yana makantar da bakwaini. Ya makantar da dubbai a Amurka da Turai a shekarun 1940 da 1950 kafin a gane, cikinsu har da mawaƙin nan Stevie Wonder. Saboda haka in kun ga nas tana rage wa ɗanku oksijin tana duban ɗan abin da aka maƙala a ƙafarsa, kada ku ce rowa ta ke yi.

To, 'yan kasuwa, ku ne kuka san ciniki, sai mu auna wannan ciniki a mudunku. Riba mun faɗe ta. Ga inda a ke yi mana tauye.

Na farko, yadda a ke shirya koyarwar. Sau da yawa a babban otal na birni a ke yinta, kwana biyu, da shayi da kuɗin zama. Wa a ke turawa? Mai ofis, wanda rabonsa da karɓar haihuwa an yi shekaru. Yarinyar da ke kwana a ɗakin haihuwa ita kaɗai, ita ce ba za a iya sakinta ba don babu mai canjinta. A dawo da takardar shaida a maƙala a bango. Jakar da aka bayar a kulle ta a sito don kada ta ɓace, mabuɗi yana aljihun wanda ya tashi aiki tun la'asar. Haihuwa kuwa ba ta san la'asar ba. Wata shida a yi wa wadda ta koya canjin wurin aiki, ilmin ya bi ta. Baƙin ba su da laifi a nan, sun kawo abin da suka iya. Baƙo raɓa ne, ɗan gari kaba. Ajiye jaka a kan tebur, da ɗaukar ungozoma ta biyu, da biyanta albashi a kan kari, ba aikin mutumin Norwe ba ne. Aikin waɗanda muka zaɓa ne, da kuɗin da a ke karɓa a hannunmu.

Sa'an nan ga injuna. An sha kawo na'urori masu tsada kyauta, a yi biki a ɗauki hoto, su yi wata uku su tsaya, don wuta ta ƙone su ko wani ɗan bututu ya fashe babu irinsa a ƙasar. Yaron da ke kan sifaf, in wuta ta ɗauke minti goma ba abin da zai karɓa, ya shiga uku. Duk wanda zai ba mu inji, ya ba mu tare da koya wa makanikinmu gyaransa, a kuma sa masa faifan hasken rana da batir. In ba haka ba, an ba mu doki ne ba linzami.

Mafi ciwo shi ne na mutane. A aiko mana malami na kwana biyu, a ɗauke mana likita na shekara ashirin. Yaron da talakawan Zazzau suka yi wa karatu da harajinsu, ya koyi aiki a jikin 'ya'yanmu, ran da hannunsa ya faɗa sai ka ji yana Saudiyya ko Ingila. Nas-nas ma haka. Ba mu zarge su ba, kowa ya ga inda za a biya shi haƙƙinsa zai tafi, ku ma kasuwar da ta fi ci ku ke kai kaya. Amma a daina gaya mana mu ne kullum masu karɓa. In aka yi lissafi na gaskiya, ba a san wa ke bin wani bashi ba.

Saura namu laifin, don kada mu tashi muna nuna wasu da yatsa kawai. Binciken nan na 2018 ya nuna a Arewa maso Yamma fiye da mata 8 cikin 10 a gida su ke haihuwa. A al'adarmu kuma ungozomar gargajiya ba ta cika zuwa karɓar haihuwa ba, sai an sauka a aika mata ta zo yanke cibi da wanka. Mace ta shiga ɗaki ta durƙusa ita kaɗai, ta danne murya don kunya, balle haihuwar fari. Kafin yaron da aka aika ya kai gidan ungozoma, mintin zinariya ya wuce sau goma. Ko an koya wa duk ma'aikatan Jihar Kaduna, ko an cika kowane asibiti da jaka, yaron da ya faɗo a ɗakin da babu kowa bai amfana da kome ba. Mu maza kuma, nawa ne cikinmu suka tafi cin kasuwar Giwa ko ta Soba suka bar mace da cikin wata tara, ba izinin fita, ba kuɗin mota? Naƙuda ta tashi, a zauna jiran mai gida. Izinin nan a ba da shi tun cikin yana wata bakwai, a gaban uwar gida ko maƙwabciya, a ajiye kuɗin a hannunta, a yi magana da mai Keke Napep na unguwa a karɓi lambarsa.

In kuwa haihuwa ta zo ba shiri a gida, to, kada a bar mace ita kaɗai. A tanadi zane biyu busassu masu tsabta. Yaro na faɗowa a tsane shi da ɗaya, a jefar da jiƙaƙƙen, a ɗora shi a ƙirjin uwa a lulluɓe su da ɗayan, a sa masa hula. Kada a yi gaggawar yanke cibi ga yaron da ke kuka, a ba shi minti ɗaya zuwa uku jinin mabiyiya ya ƙarasa shiga jikinsa. Wanka ya jira kashegari. In bai yi kuka ba, a murza bayansa sau biyu sau uku da ƙarfi kaɗan, in ya ƙi, a nufi asibiti mafi kusa nan take, yana jikin mutum don ɗumi. Haka wanda ke gurnani, ko leɓensa ya yi shuɗi, ko ya ƙi kama nono. Kada a ce a bari gari ya waye.

Ga kuma aikin da mu ke roƙon wannan taro ya ɗauka. Kowace unguwa, Tudun Jukun, Gyallesu, Agoro, Kongo, har cikin birni, akwai kwamitin unguwa da doka ta ba shi ikon sa ido a kan ƙaramin asibitinta. Ku shiga cikinsa, ku sa mata a ciki. Ku je da ladabi, ba da faɗa ba, don ma'aikaciyar da za ku tarar ita ma a wahale ta ke. Ku ce a nuna muku jakar. Ku ga ko tana ɗakin haihuwa ko tana sito, ko tana da marfi biyu, na cikakken yaro da na bakwaini. Ku tambayi mai kwanan dare, ba mai ofis ba, yaushe rabonta da gwada hannunta a kan 'yar tsana. Ku tambaya in wuta ta ɗauke da me a ke gani, in kuma yaro ya fi ƙarfinsu, wace mota ke kai shi Shika, wa ke biyan mai. Abin da kuka samu ku rubuta, da sunan asibitin da ranar, ku kawo wa sakataren reshe kafin taron wata mai zuwa, mu haɗa mu kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma a rubuce, mu kuma buga a jaridar nan. Inda aka tarar babu jaka sam, sarkin kasuwa ya ce a faɗa masa, ƙungiyar 'yan tireda da ta mahauta za su duba asusunsu kafin gwamnati ta farka.

Shugaba, mun ga an fara haramar magariba. Masu tambaya, mata su fara.